Kukan Mai Masaukin Likitan Shanu a Kebbe

Daga: Malam Ɗangiwa Bube,
Shiyar Gabas, Kebbe.

Zuwa ga: Mai girma Wakili mai kula da kasuwanni da tashar mota,
Tambuwal.

9 ga Disamba, 1963.

Ranka shi daɗe,

Game da: Tsadar da ake ɗora wa Likita Anwaru a mota da kasuwa, da abin da ta haifar

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da roƙon Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, ina kawo kuka a madadin baƙona, wanda bai san na rubuto ba, kuma da ya sani da ya hana.

Baƙon shi ne Likita Anwaru, mutumin ƙasar Fakistan, wanda aka aiko ya yi wa shanunmu allurar cutar bushiya. An sauke shi gidana ranar 2 ga Oktoba, domin ni ke da ɗaki mai taga. Musulmi ne, dattijon kirki, mai yawan fara'a. Hausarsa ta littafi ce. Ya iya gaisuwa, ya iya "to", ya iya "madalla", kuma da waɗannan kawai ya shigo ƙasar Sakkwato. Masu saye da sayarwa suka dube shi, suka ga tsuntsu daga sama gasasshe. Ga yadda abin ya gudana:

1. Sha'anin mota. Almu direba, mai ƙaramar motar haya tsakanin Tambuwal da Kebbe, yana ɗaukar kowa sule uku. Likita kuwa fam guda yake biya. Da na tambayi Almu dalili, ya ce gidan gaba ne, iska ta fi daɗi a can. Akwatin allurai yana biyan kuɗin mutum ɗaya, laimar likita ma an ce ta tsare wuri. Ranar 19 ga Oktoba motar ta kafe a yashin rafi, kowa ya sauka turi. Likita ya naɗe ƙafar wando ya tura tare da jama'a har gilashin idonsa ya faɗi. Da aka iso Kebbe, Almu ya karɓi kuɗin turi a hannunsa shi kaɗai. Likita ya biya, ya ce madalla.

2. Sha'anin albarka. Ranka shi daɗe, kowa ya san idan mai saye ya taya kaya bai kai ba, mai kaya yakan ce albarka. Likita ya san wannan kalma daga Larabci, bai san ta daga kasuwa ba. Duk wanda ya ce masa albarka sai ya ɗaga hannu ya ce amin, ya ƙara kuɗi saboda jin daɗin addu'a. Labari ya bazu. Mai ƙosai ta sa masa albarka, mai goro ya sa masa, mai itace ya bar jakinsa ya biyo shi ya sa masa. Da ya dawo gida da marece ya shaida mini, idonsa cike da ƙwalla, cewa ya zaga ƙasashe bai ga mutane masu yawan addu'a irin na Kebbe ba. Na rasa bakin da zan gaya masa gaskiya, har aka kwana biyu a haka.

3. Abin ya shafi gidana. Uwargidana Fatsuma ba ta iya aiken daddawa yanzu sai an ninka mata, wai ai gidan likita ne. Ni kaina, da aka haife ni garin nan, mahaucin da muka yi makarantar allo tare ya yanka mini farashin baƙi, don an gan mu tafe tare.

4. Da abin ya ishe ni, na zaunar da likita na koya masa ciniki. Na ce duk abin da aka faɗa ya raba biyu, idan aka ƙi ya juya kamar zai tafi. Mutum ne mai saurin ɗaukar karatu, sai ya ɗauka fiye da yadda aka ba shi. Ya taya ashana rabin kuɗi. Ya taya aski, wanzami na tsakiyar aiki, ya miƙe da rabin kai zai tafi. Ranar kasuwa mutane kan bar rumfunansu su zo kallon likita yana cinikin albasa. Yanzu ko liman ya sa masa albarka bayan salla, sai ya waiwayo ya dube ni tukuna kafin ya ce amin. Duk wannan da dariya muke ɗaukarsa, shi ma yakan yi.

5. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. A rugar Ardo Jumare akwai wata tsohuwa, Inna Tambaya, mai shanu fuɗu, su ne dukiyarta duka. Likita ya yi musu allura, ya kuma tsaya kan wata da haihuwa ta zo mata da gardama har ta sauka lafiya. Ranar 28 ga Nuwamba tsohuwar nan ta tako da ƙafa daga ruga, da ƙwaryar man shanu da ta daɗe tana tarawa, ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ni ba na gida. Likita ya ce nawa ne. Ta ce kyauta ce. Shi kuwa an sha ce masa kyauta a tasha, daga baya a biyo shi da kuɗi. Sai ya taya sisi. Daga nan ya juya baya kamar yadda na koya masa, yana jira ta kira shi. Ba ta kira ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta koma.

Ardo Jumare ya aiko mini cewa wanda ya taya kyautar tsohuwa ba zai sake taɓa musu saniya ba. Fiye da rabin shanun rugar ba a yi musu allura ba, sauran rugage kuma suna kallon abin da Ardo zai yi. Ranka shi daɗe, ina yaro bushiya ta shiga garken mahaifina, na ga abin da ta bari. Ba na son sake gani.

Da na fassara wa likita abin da ya yi, ya ture akushi bai ci tuwo ba. Can ya ce mini, da guntuwar Hausarsa, a garinsu ma haka ake yi wa baƙo, bai riƙe kowa a zuciya ba. Abin da ya dame shi, ya daina gane mai son kuɗinsa da mai sonsa. Ya fara zancen neman a mayar da shi wani wuri.

Saboda haka nake roƙo da ƙanƙan da kai:

Na ɗaya, a kira Almu a yanka kuɗin mota ɗaya ga kowa, mai rawani da mai malafa, turi kuma ya koma taimako kamar yadda muka gada.

Na biyu, mai shela ya zaga kasuwar Tambuwal da ta Kebbe, ya tunatar da jama'a cewa baƙon nan shanunmu ya zo ceto. Ba mu neman a mayar da ko kwabo, likita ya ce ya yafe.

Na uku, wanda ya fi gaggawa, a haɗa mu da manzo mai furfura ya raka mu rugar Ardo Jumare ranar Juma'a mai zuwa, domin bakina ni kaɗai bai isa ba. Likita yana so ya durƙusa gaban Inna Tambaya ya ba ta haƙuri. Har ya tafi Tambuwal da kansa ya sayo mata turmin atamfa. Ban tambaye shi nawa ya biya ba, ranka shi daɗe, don zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Allah shi taimake ka bisa riƙon jama'a, shi sa a duba kukan nan kafin makiyaya su tashi.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Malam Ɗangiwa Bube,
Mai masaukin likitan shanu, Kebbe.