Injinan da Ke Farkawa Ba Ajiya

Sengkang

Ƙanena Mappiare,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kana lafiya, kai da Makassar ɗinka da ta hana ka tuna gida.

Kwamfutocin da kamfaninku ya dasa mana a makaranta sun ishe ni. Ka ce ba su da rumbun kansu, duk daga babbar da ke ofis suke jan hankalinsu ta waya. To, hankalin a ƙafa yake tahowa. Yara su kunna, mu zauna muna kallon allo har rabin darasi ya wuce. Na karanta tarihin sarakunan da suka ci gari kafin kwamfuta ɗaya ta buɗe ido.

Ba don kaina nake faɗa ba. Kaka Cenning, tsohuwar bakin tafki, ita kaɗai ta rage mai riƙe da doguwar waƙar kakanninmu. Duk Asabar ake ɗauko ta a kujera, tana rerawa yara na bugawa a kwamfutocin. Ta hana a naɗi muryarta, ta ce ba za ta kwana a akwati tun ba ta mutu ba. Numfashinta ƙarewa yake, mu kuma muna ɓarnar da shi wajen jiran ƙarfe. Saura babin ƙarshe, wanda ba ta taɓa rera wa kowa ba.

Ka zo ka gyara. Ga busasshen kifi na ba direba, ko da yake ba ka cancanta ba.

Yayarka da ba ta da wani ƙanen,
Tenrisanna

*

Makassar

Yaya Malama,

Gaisuwa da ladabi, da tsoron bulalarki. Kifi ya iso, faɗan ma ya iso bai huce ba.

Na je ranar Lahadi kina ƙauye wajen biki, maigadi ya buɗe min. Na auna tashinsu ɗaya-ɗaya, na auna su a tare. Abin da ke danne su, kowace sai ta kwaso kayan jiya daga babbar, ta kuma mayar da na yau. Na yanke wannan zirga-zirgar. Tsofaffin rubuce-rubucenku suna nan na killace. Yanzu kafin ki kurɓi kofi sau biyu duk sun miƙe, tas kamar sababbi. Ogana ya ga sakamakon, ya ce za a kwaikwaya a sauran makarantu.

Ki yi murmushi ko sau ɗaya, ba a biyan haraji.

Ƙanenki,
Mappiare

*

Sengkang

Mappiare,

Sallama, don Allah ya wajabta.

Gaskiyarka, sun yi sauri. Kaka Cenning ma ta yi dariya, ta ce, “Yau aljanun naku sun karya kumallo.” Ta sa aka yi mata wanka, ta ɗaura zanen alharininta, ta rera babin ƙarshe tun hantsi har la'asar. Da ta gama ta ce, “Na sauke.” Yara suka adana kamar kullum, allo ya amsa musu, muka kashe muka tafi.

Ranar Litinin da safe babu ko harafi.

Yanzu na gane “tas kamar sababbi”. Ka ga jaki na nishi, sai ka zubar da kayan, ka ce ga gudu. Ka auna komai da agogonka, ba ka tambayi abin da ake yi da su ba. Ɗakin da ka gwada babu kowa a ciki, to ina za ka ga abin da zai ɓata?

Na je har gidan Kaka Cenning na durƙusa a kan daɓen katako. Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, abin da aka sauke a ƙofar kabari ba a sake ɗaukarsa.” Ta nemi a ba ni ayaba, ta juya fuska ga tafki.

Ka gaya wa oganka ya ci gaba da tafi.

Tenrisanna

*

Makassar

Yaya,

Ina gaishe ki, in kin yarda. Ranar da na zo na so in rubuta gargaɗi cewa abin da aka adana ba zai kwana ba in manna a bango, mota ta danna min hon na fita. Na kwana biyu ina tonon babbar daga nan, babu komai, bai taɓa isa can ba. Na mayar da ajiyar yadda take a da. Ko yara za su tuna wani abu?

Ki yafe min.
Mappiare

*

Sengkang

Ƙanena,

Wa alaikassalam. Mun binne Kaka Cenning ranar Laraba.

Na tara yaran. Kowa ya riƙe ɗan guntu. A babin akwai jirgin ruwa da wata uwa ke jira a gaɓa. Rabinsu sun rantse ya dawo, rabi sun ce ya nutse. Suka juyo gare ni in raba gardama. Ni kuwa ranar da ta rera ina zagaya bayansu ina gyara musu kuren rubutu.

Kada ka zo hutun nan.

Allah ya tsare ka.
Yayarka