Sunan Kakata Bai Fito a Mujallarku Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Edita, Farfesa Cornelius Haywood,
Mujallar Nazarin Launin Fata da Al'adun Baƙaƙen Amurka.

Daga:
Thaddeus Gadsden,
Awendaw, Carolina ta Kudu.

14 ga Oktoba, 2019.

Game da: Ɓoye sunan Misis Ernestine Gadsden da canza mata magana.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni jikanta ne, mai yankan ciyawa, karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutuna. Wannan ce takardata ta uku.

1. Ranar 6 ga Yuni, 2017, wata mai bincike, Dakta Loretta Whitfield, ta zo rumfar kakata a bakin titi, inda take sayar da kwandunan ciyawar fadama. Kwana huɗu tana zuwa da rikoda. Ta ci shinkafa da jatan lande a gidanmu, har da ƙari. Ba gori nake yi ba.

2. Da bayanin hirar da ta yi da ita ya fito a mujallarku ta Afrilu, 2019, sai aka kira kakata "wata tsohuwa, Misis B." An ce wai don a kare ta ne. Daga wa? Shekara sittin sunanta yana rubuce a allon rumfarta, kowace mota tana gani.

3. Duk inda ta ce tana ɗinka kwando, wani a ofishinku ya gyara ya sa "saƙa". Ranka ya daɗe, mu nan ɗinkawa muke yi, da mariƙin cokali da aka wasa. Baƙo ne kaɗai ke cewa saƙa. Da na karanta a coci, matan suka yi dariya, suka ce wannan Misis B ɗin ba 'yar nan ba ce. Kakata ba ta yi dariya ba. Ta ce in rufe.

4. Na rubuto ranar 2 ga Mayu da 19 ga Yuli. Amsa ɗaya ce: ana dubawa.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a buga gyara da cikakken sunanta, a mayar mata da kalmarta, a aiko mana kwafi na takarda. Shekarunta tamanin da takwas, idonta na dama ya riga ya tafi. Na ji sau biyu kuke fitowa a shekara. Don Allah a sa a ta Disamba. Ta Afrilu, ban sani ba ko za ta gan ta.

Naka cikin biyayya,
Thaddeus Gadsden