Silimar Mayu a Bande

Ya Hinda, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar gawona ranar da kowane icce ya kaɗe ganye! Gaisuwa daga Lado mai goge, wanda barci ya yi wa yaji tun da kamiyon silima, babbar motar nan, ya bar Bande.

Kin tuna? Sun ɗaura farin ƙyalle a bangon lakwal, makarantar bokon garinmu, suka ce silimar ta Turawan da ce, bebiya ce, shi ya sa suka ɗauko ni in ba ta murya da gogena. Labarin mayu ne. Na yi ta zuba kiɗan tsoro, jama'a na ihu, ni kaina na kumbura, har aka nuno wata tsohuwa a ɗaure ana jan ta a ƙasa, wai mayya ce. Sai na ga idanu sun bar ƙyalle sun koma kan tabarmarku. Wa ya manta bara an tilasta wa mahaifiyarki, Inna Barakatu, ta tsallake matar maƙwabci mai zazzaɓi, wai ta sakar mata kurwa? Wa ya ƙara shan furar da take sayarwa tun ranar?

Da wata ce, da ta ja mayafi ta gudu. Ke fa? Kika gyara zama, kika ɗora hannun Inna a cinyarki, kika bi mutanen Bande da kallo har suka sunkuyar da kai. Kai, Hinda! A ina kika samo wannan zuciya? Nan take hannuna ya ƙi kiɗan tsoro, na juya zuwa taken lallashin jariri. Mai injin silimar ya yi ta hararata, ko a jikina. Tsohuwar nan ta cikin silima ta yi kuka da muryar gogena, matan da suka gama tsine mata suka koma share hawaye.

Yanzu Baffana ya ce maita a nono ake shan ta, in nemi wata. Ke kuma kin aiko wai in daina zuwa kada a ɓata ni. Haba, farin watana! In je ina?

Ran kasuwa ki gaya wa Inna ta fito da ƙwaryarta. Zan durƙusa gabanta da rana tsaka, ta dama mini, in sha har in lashe ludayi, Baffa na kallo.

Naki har tsarkiyar raina ta tsinke,
Lado