Rasuwar Malam Buba Mai Wuta, da Sandar da Ya Rataye Mana

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Mata Masu Tsintar Auduga ta Gusau, Tsafe da Bunguɗu ta sami labarin rasuwar malaminmu, Malam Buba Kwatarkwashi, mai kula da wutar lantarki a gidan gurzar auduga na Gusau, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Laraba, 13 ga Nuwamba, 1957, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sa'ad da aka ja waya zuwa rumfarmu, mu tsofaffi da zawarawa ba mu san wata wuta ba sai ta murhu. Marigayin bai raina mu ba. Shi ya lura daga alwalar Azahar muke dawowa da hannu jiƙe mu nufi makunni, har wasunmu na shanya zane a kan waya. Bai taɓa yi mana tsawa ba, sai dai kowace Asabar ya tsuguna nesa kaɗan, kansa a sunkuye, ya maimaita mana haɗarin wutar kamar mai biya wa ɗalibai allo, har karatun ya zauna.

Abin da ya fi wahalar da shi da mu kuwa, tarbiyyarmu ce: in mutum ya faɗi, rungumarsa muke yi. Don haka ya rataye busasshiyar sandar gora a bakin ƙofa, ya ce da ita ake ture wanda wuta ta kama. Mun yi dariya, Allah Ya yafe mana. Bara waya ta riƙe Saude 'Yandoto, ƙanwarta Indo ta zabura za ta cafke ta, sai Inna Tambaya ta riga ta da sandar nan. Yau su biyun suna raye.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Malama Uwa, da ɗansa Malam Muhammad Sani, da dukan dangi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi.

Roƙo ɗaya gare mu. Kaka ta yi, sababbin mata na tafe daga ƙauyuka, ba su san waya ba. Sandar tasa ce, ta shiga gado, ba mu da ikon riƙe ta. In magada sun yarda, a bar mana ita inda ya rataye. Saude ta ce ranar Asabar ita za ta biya karatun.

Malama Talatu Damba
Magatakardar Ƙungiya, Gusau