Makanike Mai Guntun Yatsa

Wagini, Lahadi

Assalamu alaikum Yaya Rilwanu. Ina fatan kana lafiya, ya Kano, ya su Anti Lubna? Tunda aka katse mana sabis sai takarda, ga ta nan hannun direba.

Fim ɗinka ya iso a memori, shi ake kallo a kowace majalisa. Har Inna ta san ɗan sandan nan na ƙarfe mai bin sawun masu kashe manoma a ƙauyen da ke duniyar wata. Kowa ya gane mu kake nufi. Amma Yaya, me ya kai ka? Wanda ya kama a kashi na biyar, wai shi ke kai wa 'yan bindiga labari, makanike ne mai guntun yatsa, uwarsa 'yar ruga. Wane ne haka a Wagini in ba mijina Sahabi ba? Ranar Laraba aka yi wa mutum huɗu yankan rago a hanyar Ruma, 'yan sa-kai sun cika sun batse. Jiya ko facin taya ba a kawo masa gareji ba. Wallahi tsoro nake ji. Ka yi wani abu.

Ƙanwarka, Zuwairatu

Kano, Talata

Wa'alaikumus salam Zuwai. A gaida Inna da kyau.

Kin ba ni dariya. Sahabi taubashina ne, in ban tsokane shi ba wa zan tsokana? Ai haka ake tsara labarin bincike: a fara kama marar laifi, masu kallo su zage shi, daga baya gaskiya ta fito su ji kunya. Darasin ke nan. Na kai ƙauyen kan wata ne don in faɗi abin da ba ya faɗuwa a ƙasa. A kashi na shida za a wanke makaniken tas. Juma'a zai fito, ku yi haƙuri.

Yayanki, Rilwanu

Wagini, Lahadi

Salamu alaikum.

Takardarka ta same ni cikin takaba. Alhamis da hantsi 'yan sa-kai suka zo garejin Sahabi, suka ce ɗan gari ba zai sa abu a fim ba sai ya san wani abu. Suka ɗaure shi da kebur ɗin birki, suka ja shi a ƙasa har bakin kasuwa. Da sanduna aka fara, da adda aka gama. Yana ta ɗaga hannun nan mai guntun yatsa yana cewa injin niƙa ne ya cire masa, kamar ba su sani ba. A buhu aka kawo mini shi, Yaya.

Kashi na shida ya iso jiya. An ce da aka wanke makaniken, har tafi suka yi a majalisa.

Kada ka zo gaisuwa.

Zuwairatu