Hoton Baba a Gadon Asibiti

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Takarda na rubuto maka saboda ka toshe lambata, direban makarantarmu kuma ya ce zai bi ta shagonka.

Jiya a ɗakin malamai wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta, ta ce, "Wannan ba mahaifinku ba ne?" Shi ne. Baba a gadon asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ba riga, baki a buɗe, robar fitsari na reto a gefen gado. Kai ka ɗora hoton a shafinka, a ƙasa ka rubuta wai duk wanda ya sake zaɓen masu mulki shi ya kashe maka uba.

Baba fa, Auta. Mutumin da ko yana yankan katako da tsakar rana sai ya sa maɓallin rigarsa har wuya. Duk zamanmu a gidan nan ka taɓa ganin kafaɗarsa? To yanzu duniya ta gani. 'Yan ɗaya ɓangaren sun ɗauki hoton sun ɗora masa hular jam'iyyarku, wani ma har kiɗa ya sa masa. Naku kuma suna ramawa da zagin iyayen mutane, duk a ƙarƙashin fuskar Baba.

Mama ba ta sani ba. Allah Ya sa wayarta ta kira ce kawai. Ka sauke hoton nan kafin ya kai gare ta, don idan ta gani ban san abin da zai faru ba.

Ka gaida matarka.
Yayarka

*

Yaya Malama,

Gaisuwa mai yawa. Na ga takarda, har da jan biro kamar na faɗi jarrabawa.

Ke kin iya faɗa, amma wa ya kwana tara a barandar asibitin nan? Ni na yi ta zarya neman iskar numfashi ana ce min babu. Ƙarya na yi? Hoton nan shaida ne. Mutum dubu huɗu sun yaɗa shi, shugaban matasanmu da kansa ya kira ni ya ce na yi namijin ƙoƙari. Saura kwana takwas zaɓe, in na sauke yanzu cewa za su yi na ji tsoro.

Zagi kuwa, ke ba ki san wurin nan ba ne. Kika yi laushi sai su taka ki. Rabinsu ma 'yan haya ne. Shekaranjiya wata ta ɓullo, shafi sabo fil, ba hoto, ba mabiyi ko ɗaya, wai, "Ɗana, ka ji tsoron Allah ka rufa wa mahaifinka asiri." Na ce mata, "Tsohuwar banza, nawa aka biya ki? Kuma waye ɗanki?" Yaran jam'iyyarmu suka taya ni, suka yi mata tas. Ko tari ba ta sake yi ba.

Ki kwantar da hankalinki, Mama ba za ta gani ba. Ran da aka faɗi sakamako zan sauke.

Ki gaida yara.
Ƙaninki

*

Auta,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce.

An yi zaɓe an gama. Na ga ɗan takararku da wanda ya kayar da shi a talabijin suna rungume juna, suna dariya har da tafawa. Shugaban matasan naka kuma an ce tuni ya koma jam'iyyar da ta ci. Kai ka sauke hoton, sannu da ƙoƙari, amma yana wayar kowa. Da safen nan na sake cin karo da shi, an rubuta wani sunan a kai, an mai da Baba uban wani a wani gari.

Na zauna na karanta amsoshin da ka yi ta ba mutane, tun daga sama har ƙasa. Wallahi ƙyama ta kama ni. Ni na goya ka, ni na koya maka gaida manya, ban san bakin nan naka yana ɗauke da wannan ƙazanta ba. Baba sau nawa ya yi zaɓe, ko Mama bai taɓa gaya wa wanda ya dangwala wa ba. Abokinsa mai walda ɗan jam'iyyar da kake zagi ne, kuma a kwano ɗaya suka ci abinci shekara talatin.

Na je gida ranar Asabar. Mama ta rame. Na tarar ta fito da rigunan Baba duka ta wanke ta goge, tana bi ɗaya bayan ɗaya tana sa musu maɓalli har wuya. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta shigo, da ta gan ni sai ta kasa haɗa ido da ni, ta juya. Na tambayi Mama ko lafiya, ta ce lafiya lau. Da zan tafi ta ba ni wannan takarda a liƙe, ta ce in haɗa da tawa. Ban buɗe ba.

Yayarka

*

Auta,

Ina fatan kana lafiya, kai da matarka.

Na ga hoton tun ranar da ka sa shi. Mai ɗinki ce ta nuna min, tana kuka. Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba, sai na ce ta buɗe min shafi a wayarta in yi maka magana a inda kake sauraron mutane. Ita ta karanta min amsarka. Ta so ta tsallake, na ce ta karanta duka, har da na abokanka.

Tambaya biyu ka yi min. Ta farko, ba wanda ya biya ni ko sisi.

Ta biyun har yau ina tunani.

Allah Ya shirye ka.
Matar marigayi