Sayin talatin rabi ne

Litinin, 3 ga Maris
Auta ya fara koya mini lissafi. Yaron da na goya, yau shi ne da alli a hannu yana ce mini, “Yaya, ki nutsu mana.” Tir. Amma in na sake faɗuwa jarrabawar nan, shekaruna sun wuce na shiga makarantar jinya, sai dai in tsufa ina wankin fo a asibiti.

Alhamis, 6 ga Maris
Da'ira digiri ɗari uku da sittin ce, kowa ya yarda, ana zaune lafiya. Sai wani marar aikin yi ya ƙirƙiro wani ma'aunin kusurwa wai shi radiyan. Wai digiri 180 daidai yake da radiyan π, alamar da ake kira “pai.” In za a juya digiri zuwa radiyan, a ninka da π a raba da 180. Na ce wa Auta wane majinyaci wannan ya taɓa warkarwa? Ya yi dariya. Haushi kamar in fasa ihu.

Asabar, 8 ga Maris
Ciwon kai. Ban buɗe littafin ba.

Laraba, 12 ga Maris
Littafi ya ce sayin talatin, wato “sine” na digiri talatin, rabi ne. Kalkuletata ta ce −0.988. Na koma wurin mai shago na wanke shi tas, na ce jabu ya sayar mini, har mutane suka taru. Da Auta ya zo sai ya nuna mini wasu 'yan haruffa a saman gilashin: RAD. Ashe radiyan talatin take lissafa mini. Ya danna sau biyu ta koma digiri, ga 0.5. “Yaya, ba ta yi ƙarya ba, abin da kika tambaye ta ta amsa.” Yanzu sai na zagaya ta bayan layi in zan tafi aiki, don kada mu haɗu da mai shagon.

Talata, 18 ga Maris
Jarrabawa. Kosayin π bisa uku ya fito, wato “cosine.” Na mayar da shi digiri sittin, na rubuta rabi, ko kalkuletar ban taɓa ba. Sauran kuwa, Allah masani.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Na ci. Da ƙyar, amma na ci. Har yanzu lissafin nan ƙyama yake ba ni, kada wani ya zaci wani abu.

Ɗazu likita ya ce a ɗaga wa tsohuwar gadon ƙarshe kai digiri talatin. Ina murɗa hannun gadon sai na ji bakina ya ce “pai bisa shida.” Tsohuwa ta ce, “Amin, 'yar nan.”

Auta ba zai taɓa jin wannan ba.